Birkin Tangaran a Motar Auta

Shafi na 14

Idan mutum ya ba ka shawarar da take daidai, amma ya ba ka ita ne don ya binne laifin kansa, ya taimake ka ko ya cuce ka?

Na juya tambayar nan ta kowace fuska ban samo mata amsa ba. Bakanike ma bai samo ba, shi da ya kwana uku tana tokare masa ƙirji kamar wanda ya haɗiyi noti.

Jar motar ƙaninsa Auta tana tsaye a tsakiyar garejin, ta yi ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Canjin tayoyi kawai aka kawo ta, aikin rabin yini. Yau kwana uku ke nan, kullum Bakanike da sabon dalilin da zai hana ta fita.

Mai Faci ya shigo ta ƙofar gefe da kofin shayi a hannu. Shagonsa manne yake da garejin. Shekara ashirin da shida suna raba bango ɗaya da injin iska ɗaya.

"Yau zai zo?"

"Ya ce ƙarfe goma."

"To ka wanke bakinka ka shirya."

Bakanike ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, alhali babu komai a hannun.

"Akwai maganar da nake so mu yi."

"In wadda nake zato ce, haɗiye abarka."

"Ka ji tukuna. Kai mai taya ne. Kowa ya san wajen cire taya ake samun irin wannan. In ka ce hannunka ne ya zame, zai yi faɗa, ya gaji, ya manta. Ni zan nemo sabon faifan, wannan ba ruwanka."

Mai Faci ya ajiye kofin a kan durom a hankali.

"Maimaita, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Bakanike ya ci gaba da goge hannunsa.

"Da hannun nan na miƙo maka sandar," in ji Mai Faci. "Na ce mutumina, irin wannan birkin ba a zare masa taya haka kawai. Murɗa sandar nan a ramin noti, wilin ya zamo a kanta ya fito a miƙe. Me ka ce min?"

Bai jira amsa ba.

"Ka ce shekara talatin kana cire taya ba ka taɓa neman sanda ba, kai ba makaho ba ne. Har ka yi dariya. Wilin ya suɓuce ya sauka a bakin faifan, muka ji ƙas. Ni na tsinci guntun a ƙasa, kamar farcen babban yatsa. Yanzu ni ne hannuna ya zame?"

Faifan birkin motar Auta ba na ƙarfe ba ne. Kabon siramik ake ce masa, Mai Faci kuwa tun ranar farko ya raɗa masa farantin tangaran. Na ƙarfe in ka buge shi tabo zai yi ya ci gaba da aikinsa. Wannan in ya ɓantare ya gama. Ba a yi masa walda, ba a goge shi, kuma ba a sauya guda ɗaya, sai biyun gaba tare.

A ranar, Bakanike ya daɗe a tsugune yana kallon ɓantaren. A leɓen ciki yake, inda ido ba ya kaiwa sai an cire taya. Sai ya mayar da tayar, ya ɗaure notuna, ya kira ƙaninsa a waya ya ce masa ya yi tunani, gara a cire birkin nan gaba ɗaya a sa na ƙarfe. In Auta ya yarda, shi zai cire faifan da hannunsa, ya naɗe a kwali, magana ta mutu.

Abin da ya fi cin ransa shi ne shawarar ba ƙarya ba ce. Tun ranar da aka sayi motar, shekara biyu da suka wuce, ita ya bayar.

"Zai fi sauƙi a kanka fiye da ni," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sauƙi. Ka manta mai wankin motar da ya karce masa fenti? Kwana biyu ya yi a hannun 'yan sanda, sai da kai ka je ka sa baki. Wato ni ne ba ni da mutuncin da za a zubar. Mai faci ne, dama cikin datti yake, a ƙara masa kaɗan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa. Na yi jinyarka lokacin da injin ya faɗo maka a ƙafa. Na ɗauki gawar mahaifinku tare da kai. Ka nemi komai a wajena, amma ƙarya ba zan yi maka ba. Ba kuma zan tona ka ba. Kai ka dama kununka, kai za ka sha."

Ya ɗauki kofinsa. Kafin ya kai ƙofa suka ji tsayuwar mota a waje.

Auta ya shigo cikin farar riga mai guga, da sabuwar hular kwano a hannu, ko ledarta bai gama cirewa ba. A gari Yallaɓai ake ce masa. A bakin yayansa kawai yake Auta.

"Yaya, ina kwana. Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Yallaɓai," in ji Mai Faci. "Babur ka koma?"

"Jibi Asabar masu irin motocinmu za su haɗu a tsohon filin jirgi. An rufe mana titin saukar jiragen, kowa ya gwada abarsa. Sun ce ba hula ba shiga." Ya ɗora hular a kan motar. "Yaya, makullina."

"Mun yi magana a waya."

"Kai ka yi magana, ni na saurara. Yanzu ni ma na yi bincikena. Na karanta, na tambayi masu irinta. In faɗa?"

"Faɗi."

Auta ya fara lissafi da yatsu.

"Nauyinsa rabin na ƙarfe ne, mota ta fi jin sitiyari. Ba ya fid da baƙar ƙurar nan da ke ɓata wili. Ka taka shi sau ashirin a jere cikin gudu, na ashirin ɗin kamar na farko, shi kuwa ƙarfe in ya ɗauki zafi sai ka ji ya yi laushi a ƙafa. A tuƙin gari zai iya kai motar ƙarshen ranta ba a sauya shi ba. A ina na yi ƙarya?"

"Ba ka yi ba."

"To?"

"To ina kake zuwa da gudun?" Bakanike ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, don a nan ne yake da ƙarfi. "Daga gidanka zuwa ofis danja bakwai ce. Da safe birkin yana sanyi, yana yi maka kuka kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, masu babur suna waiwaye suna dariya. Layinku tsakuwa ce. Ɗaya ta maƙale tsakanin faifai da takalmin birki, shi ke nan an yi masa zane. Kuɗin guda huɗun nan zai sayi ƙaramar mota sabuwa fil. Na ƙarfe kuwa ko sau biyar ka cinye shi ba ka kai nan ba."

"Ai shi ya sa za ni fili. A can yake nuna kansa."

"A can yake mutuwa. Zafin fili ta ciki yake cin sa. Ka dube shi yana ƙyalli, ka auna kaurinsa bai ragu ba, amma ya ƙone. Sai ka ɗora shi a sikeli za ka gane ya yi sauƙi. Masu shiga fili kullum da yawansu cire shi suke yi su adana a kwali, su sa na ƙarfe su ci gudunsu. Kai ka ga abin ado ka zaci kayan aiki ne."

Kowace kalma gaskiya ce. Yana jin yadda suke fitowa a jere, masu kyau, masu nauyi, yana kuma jin ƙyamar kansa. Bai taɓa yin bayanin da ya kai wannan tsari ba, kuma bai taɓa yin bayani da mugun nufi irin na yau ba.

Mai Faci yana jingine da bango, ya zuba wa cikin kofinsa ido.

Auta ya yi murmushi.

"Madalla. Sikeli ka ce. Ga sikeli can kusa da injin iska. Na karanta cewa akwai lambar nauyi a jikin kowane faifai. Ɗaga motar, ka ciro su ka auna a gabana. In sun yi ƙasa da lambar, yau ɗin nan a sa na ƙarfe, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Bakanike ya juya wa sikelin baya.

"Ba zan ɗaga motar nan ba."

"Don me?"

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ka karanta shafi biyu a waya ka zo ka auna ni? Ranar da na fara kwance birki kai kana yawo ba wando. Yau maganata ba ta isa ba sai an kawo sikeli shaida?"

Ya wurgar da tsumman a kan benci. Sifanu suka yi ƙara.

A nan ne ni kaina labarin yake ba ni haushi. Da fushin ƙarya ya yi, da da sauƙi. Amma fushin na gaske ne. Zuciyarsa ta tafasa da gaske don an yi shakkar maganarsa, shi da ya san abin da ke bayan tayar hagu. Mutum kan manta shi ɓarawo ne in aka kira shi ɓarawo a bainar jama'a.

Auta ya tsaya yana kallon yayansa. Murmushin ya tafi.

"Ka san abin da matata ta ce?"

"Ba ruwana da abin da matarka ta ce."

"Da ruwanka. Ta ce hassada ce. Ta ce tun da na sayi motar nan ba ka taɓa cewa ta yi kyau ba, kullum sai aibu. Ta ce kana so ka mayar da ita kamar sauran akwalan da ke cika maka gareji don ranka ya yi sanyi."

"Ni? Hassada? Kai?"

"Na ce mata ta fita daga maganar yayana. Kwana biyu ke nan ko gaisuwa ba ma yi. A falo nake karyawa ni kaɗai kamar baƙo."

Auta ya matso kusa da yayansa.

"Na ce mata wannan mutumin ya bar aji ya shiga ƙarƙashin mota don ni in zauna a aji. Na ce zai iya zagina, zai iya raina ni a gaban mutane, kuma yana yi. Amma bai taɓa yi min ƙarya ba. Yaya, ka san irin mutanen da nake zama da su. Wanda zai rungume ka da safe ya sayar da kai kafin azahar. Takarda in ba lauya biyu sun duba ba, ba na sa hannu. Kai kaɗai ne in ka ce min sha, zan sha ban leƙa cikin kofin ba. In kai ma sai na leƙa, to ban san inda zan ajiye bayana ba a duniyar nan."

Mai Faci ya ɗago kai ya dubi Auta. Ya daɗe yana dubansa. Ya san shi tun yana zuwa garejin da jakar makaranta yana barci a kan tsofaffin tayoyi.

"Saboda haka a bar sikelin," in ji Auta. "Na janye. Na yarda na ƙarfe ya fi dacewa da ni, tunda kai ka faɗa. Amma motata ce. Ba komai ake saya don dacewa ba. Ina son birkin nan, da kukansa da tsadarsa. Kai ma agogon mahaifinmu da ke hannunka kullum sai ya yi lattin minti goma, ba ka jefar ba."

"Agogo ba ya kashe mutum."

"Shi ma birkin ba ya kisa in lafiyarsa lau. Shi ya sa zan yi maka tambaya ɗaya in tafi. Kwana uku tana hannunka, ka cire tayoyin duka huɗu, ka ga komai. Akwai abin da ke damun birkin nan yanzu?"

Injin iska ya tashi da kansa a kusurwa, ya yi ta bugawa, ya mutu.

"Na gaya maka ra'ayina."

"Ba ra'ayi na tambaya ba. Lafiyarsa lau ko a'a?"

Bakanike ya juya ya fara jera sifanun da ya watsar, ƙarami bayan ƙarami. In ya yi shiru ai bai yi ƙarya ba. Haka ya gaya wa kansa. Wata zuciyar ta ce masa shirun da aka san za a ɗauka a matsayin "e" sunansa "e".

"Shi ke nan," in ji Auta. "Da akwai da ka faɗa."

Ya zare makullin daga ƙusar bango da kansa. Ya jefa hular a kujerar gefe, ya shiga, ya tayar. Ƙarar injin ta cika garejin har kwanon rufi yana amsawa.

Bakanike yana tsaye da sifana a hannu. Ya san titin filin nan, dogo ne, miƙaƙƙe. Ya san ƙaninsa, ba zai yarda a wuce shi a gaban mutane ba. Zai kai motar inda allurar auna gudu ta ƙare, sannan a ƙarshen titi ya danne birki da dukkan ƙarfinsa. Faifan zai ɗauki zafi har ya yi ja. Tangaran kuwa daga inda ya ɓantare yake fara tsagewa. Wataƙila ya riƙe. Wataƙila ya riƙe sau tara.

Motar ta fara gangarowa wajen ƙofa.

Bai san lokacin da ya tsallake durom ba. Ya tsinci kansa a gabanta, tafin hannunsa a kan bonet mai ɗumi. Auta ya taka birki, birkin ya yi kukansa na safe.

"Kashe ta."

Auta ya leƙo ta taga. "Yaya, don Allah kar mu sake."

"Koma da ita baya. Kan abin ɗagawa."

"Ka ce ba za ka ɗaga ta ba."

"Na ce ka koma da ita."

Auta ya dube shi, ya dubi Mai Faci, sannan ya sa giyar baya.

Motar ta tashi sama. Bakanike ya tsayar da ita daidai ƙirjinsa. Ya wuce tayar dama, ya tsaya a ta hagu. Ya kwance noti ɗaya, ya murɗa sandar a raminsa, ya kwance sauran. Sai da ya yi ƙoƙari biyu kafin wilin ya zamo ya fito. Ya jingine shi da bango.

Ya juya faifan a hankali da tafin hannu, ya tsayar. Ya kunna tocila ya miƙa wa ƙaninsa.

"Leƙa ta ciki."

Auta ya sunkuya, bai damu da farar rigarsa ba. Ya haska. Ya sa yatsa a wurin, yatsar ta zauna a cikin ramin daidai. Daga ƙasan ɓantaren wani siririn layi ya fara tafiya, kamar gashi.



"Wannan ba tsakuwa ba ce," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Duka ne."

"Duka ne."

"Kuma sabo ne. Cikinsa ko datti bai kama ba."

"Sabo ne."

Auta ya miƙe. Fuskarsa ta koma irin wadda ma'aikatansa suka sani, wadda yayansa bai taɓa gani ta fuskance shi ba.

"A garejin nan aka yi shi. Aka gani. Aka mayar da taya aka ɗaure noti. Aka bar ni in shiga in tayar, ina shirin zuwa fili jibi." Ya ciro wayarsa, yana neman wata lamba. "Wanda ya yi wannan ba faifai ya fasa ba, raina ya sa a caca. Wallahi sai ya kwana inda bai taɓa kwana ba. Wa ya cire tayar nan?"

Bakanike ya ajiye sifanar. Ya ji wani irin sauƙi mai ciwo, kamar an matse ƙurji.

"Auta, ajiye wayar. Zauna in gaya maka. Ranar Litinin da ka kawo ta..."

"Ni ne, Yallaɓai."

Suka juya tare.

Mai Faci ya baro bango. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Bai dubi Bakanike ba ko sau ɗaya.

"Ni na cire ta. Hannuna ne ya zame, tsufa ya zo. Na roƙi yayanka ya rufa min asiri, shi ya sa yake ta kewaye-kewayen nan. Ba shi da laifi sai na tausayi. Kira waɗanda za ka kira."

Wayar tana ringin a hannun Auta. A ɗaya ɓangaren wani ya ɗauka, ana jin muryarsa yana cewa, "Yallaɓai? Yallaɓai, ina ji."

Auta bai kai ta kunne ba. Ya juya ga yayansa.

"Yaya. Haka aka yi?"